Yadda ake shirya tafiyar mota daga Katsina zuwa duwatsun Jos a ƙarshen damina, da hawan dutse da wankan rafi

Mutumin Katsina ko Daura ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Yana hango hadari tun yana nesa, yana tuƙi da birki ba tare da ya taɓa jin ƙaurinsa ba, ruwan da ya koyi iyo a ciki kuwa kududdufi ne ko bakin dam, ruwa kwance. Waɗannan sabo uku su ne ke cutar da shi idan ya hau tudun Jos. Katsina tana kan tsayin mita 500 da 'yan kai daga teku, garin Jos yana wajen mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabashin garin kuma ta haura mita 1,800. Ruwan saman da Jos ke samu a shekara ya kusa ninka na Katsina sau biyu, kuma lokacin da gero ya nuna a nan ana shirin girbi, can damina ba ta gama sallama ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Markar Agusta ta wuce, ciyawa tana shar, rafuka cike suke, ƙurar hunturu ba ta rufe sararin sama ba. Amma hadarin ƙarshen damina mai tsawa ne da iska, kuma yawanci da rana ta karkata yake haɗuwa. Saboda haka duk tsarin tafiyar a kan abu ɗaya yake: duk abin da za a yi a kan dutse ko a cikin ruwa, a gama shi kafin azahar.

Mota, mako guda kafin tashi

Kada ka kai mota gareji ana gobe tafiya. Ka kai ta saura kwana bakwai, don ka samu kwanakin da za ka yawata da ita a gari ka ga ko gyaran ya zauna.

Fara da birki. A cire tayoyin gaba a duba fad ɗin birki; idan kaurin abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, a canza. Sai man birki, wanda kusan kowa ke mantawa da shi muddin bai ragu ba. Man birki yana tsotsar danshin iska a hankali, ruwan da ya shiga cikinsa kuma shi ke sa ya tafasa da wuri idan birki ya yi zafi. Da ya tafasa, tururi ne ke cika bututun, sai ka taka birki ya tafi ƙasa kamar ka taka soso. A kan hanyar Kano ba za ka taɓa gane wannan ba, sai a doguwar gangara. In ya kai shekara 2 ba a canza shi ba, a zubar da shi duka a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin mazubinsa, DOT 3 ko DOT 4.

Sai lagireto. A duba ko yana yoyo, a matsa robobinsa a ji ko sun yi laushi ko sun tsattsage, a tabbatar fanka tana tashi idan inji ya ɗau zafi, a duba fambel. Abin da ake raina wa shi ne murfin lagireto. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa, kuma a tsayin Jos ruwa a buɗe yana tafasa tun yana wajen digiri 96, ba sai ya kai 100 ba. Murfin da robarsa ta mutu zai iya kai ka Kano lafiya ya kunyata ka a hawan farko. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a saya sabo.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana bushewa ta tsage ko da zanenta bai cinye ba, wadda zanenta ya shafe kuwa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sulɓi take yi. Ka sa mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da ta safaya. A sa sabuwar robar waifa. A cikin but a ajiye jak da sifana, da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, da jarkar ruwa lita 10 don inji kaɗai, da katako guda biyu na waigi, wato na tokare taya. Takardun mota da lasisi su zama a hannu, don shingayen bincike suna da yawa.

Hanya da lissafin lokaci

Daga Katsina ana bi ta Charanchi, Kankia, Tsanyawa da Bichi a shiga Kano, kimanin kilomita 170. Daga Daura ta Kazaure da Dambatta ne, kuma ya fi kusa. Daga Kano akwai wajen kilomita 300 zuwa Jos idan aka ɗauki hanyar Zariya aka karkata a Kwanar Dangora, aka bi Tudun Wada, dajin Falgore, Doguwa, Saminaka da Jengre. Ana iya miƙewa har Zariya a bi ta Pambegua a haɗu a Saminaka. Wacce za a bi, ba a yanke wannan a gida da taswirar waya. Ana gobe tafiya a je tasha a tambayi direbobin da suka dawo daga Jos a ranar, su suka san inda kwalbati ya karye da inda ba a son a ratsa.

A tashi da an sallame asuba. Ka ba tafiyar awa 8 zuwa 9 har da tsayawa, ka sa a ranka cewa la'asar a Jos za a yi ta. In wani abu ya tsare ku har azahar ta same ku a Kano, ku kwana Kano. Ba a ratsa Falgore da duhu, kuma babu wani ɗaki da aka biya kuɗinsa a Jos da ya kai a yi gangancin. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci wajen lita 50 zuwa kaɗai, hawa kuma yana ƙara mata ci, don haka a cika tanki a Kano, kada a bar shi ya yi ƙasa da rabi. Nisan ya wuce mil 48 ɗin da malamanmu suka ƙayyade, saboda haka akwai kasaru, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Tuƙi a hawa da gangara

A hawa za ka ji mota ta yi nauyi. Ba lalacewa ta yi ba, iska ce ta yi ƙaranci, injin da ba shi da tarbo kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Ka sauko da giya tun kafin inji ya fara kakari, ka kashe na'urar sanyaya mota, idonka a kan allurar zafi. Idan ta doshi ja, ka nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ka sa waigi, ka buɗe bonet. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan minti 30, kuma da tsumma, a hankali. Mutane da yawa fuska da hannu suka ƙone a nan.

Gangara ta fi hawa haɗari. Wanda zai je matsirgar ruwa ta Assop, wadda ke kimanin kilomita 60 da 'yan kai daga Jos a kan hanyar Akwanga, zai wuce Riyom da dutsenta mai ɗauke da duwatsu a ɗore kamar an jera su da hannu, sannan ya fuskanci Hawan Kibo, inda hanya ke sauka daga tudun a murɗe. Wurin ya yi suna da haɗarin manyan motoci. Ƙa'idar ita ce: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Kafin gangarar ta fara ka sa lamba biyu ko uku, mai otomatik ya mayar da ita 2 ko L, ka bar inji ya riƙe motar. Kukan da injin zai yi ba komai ba ne. Birki kuwa a taka shi da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu, a sake shi ya sha iska, a sake takawa. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke dafa shi. Sa mota a firi don a rage shan mai, al'adar wasu direbobin haya, a nan sayar da rai ne.

In ka ji ƙauri, ko ka ji birki ya fara tafiya ƙasa, ka buga shi sau da yawa da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan yatsanka a kan maɓallinsa don kada ya kulle tayoyin baya. Da ka tsaya, ka bar shi ya huce da kansa na rabin awa. Kada a watsa masa ruwa, ƙarfen zai lanƙwashe. Kada ka zauna a gaban tirela ko tanka a gangara, ka ba ta hanya ta wuce ko ka bar tazara mai yawa. In hazo ya sauko, ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar farin bango kawai za ta nuna maka.

Ruwa idan ya hau kan hanya yana gudu, a jira. Tsayin santimita 30 na ruwa mai gudu yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 yana tafiya da kusan kowace iri. Ruwan tudu da sauri yake zuwa, da sauri kuma yake janyewa, sau da yawa awa ɗaya ta isa.

Hawan dutse

Kada ku gaza mutum huɗu. Idan ɗaya ya yi targaɗe, ɗaya ya zauna da shi, biyu su sauka neman taimako. Kuma ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma duwatsun nan ba daji ba ne marar mai shi: akwai gonaki, akwai wuraren da masu ƙasar ke girmamawa ba sa son a taka, akwai ƙauyukan da aka yi rikici a cikinsu kwanan baya. A yankin Shere Afizere ne, wajen Riyom kuma Birom, kusan kowa yana jin Hausa. A fara da gaida mai unguwa, a faɗi inda za a da lokacin dawowa, a yi cinikin ladan ɗan jagora kafin a ɗaga ƙafa. Ba a ɗaukar hoton mutum ko gidansa sai da izini. Wani a masauki shi ma ya san lokacin da ya kamata ya gan ku.

Lissafin lokaci mai sauƙi ne: awa ɗaya ga kowane kilomita 4, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 500 na hawa, a ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda hutu da wanda ya fi kowa nawa. A fara da ƙarfe 6:30 na safe. A tsayar da lokacin juyawa tun a ƙasa, yadda za a sauko kafin azahar, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Gardamar "saura kaɗan" a can sama take tashi, shi ya sa ake kashe ta tun a gindin dutse.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kambas mai zanen roba a ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi bororo yake kawowa, silifa da takalmin fata mai sulɓi kuwa na zuwa masallaci ne. Dogon wando saboda ciyawa da kaska, riga mai dogon hannu, hula. Jallabiya da babbar riga su zauna a masauki. Mata su sa wando a ciki da hijabin da bai wuce gwiwa ba, don dogo yana harɗe ƙafa yana kama ƙaya. Kowa ya saka rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi a cikin leda. Zafi yana raguwa da wajen digiri 6 a duk mita 1,000, saman Shere ya fi Katsina sanyi da kusan digiri 8, jiƙaƙƙen mutum a cikin iska kuwa nan da nan haƙoransa ke kaɗawa.

Ruwan sha rabin lita ne a kowace awa ga mutum ɗaya, wato lita 2 da rabi zuwa 3 a tafiyar awa biyar. Sanyin wurin yana ɓoye ƙishirwa, a riƙa kurɓa ko ba a ji ba. Guzuri: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambun nama, burodi. Kilishi yana da daɗi amma yajinsa yana ƙarar da ruwa. Fura da nono a sha ta a ƙasa, a jaka kumbura take yi. A riƙe sukari da gishiri: cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, ga wanda jiri ko ɗaurewar nama ta kama. Sai bandeji, filasta, tocila, usur, da waya cike da caji a cikin leda.

Dutsen Jos busasshe yana kama takalmi da kyau. Jiƙaƙƙe, musamman inda ka ga baƙin zane na hanyar ruwa ko gansakuka, sabulu ne. Ka zagaye shi. A wuri mai tsini, gaɓoɓi uku su zama a kafe kafin ka motsa na huɗu. Yawancin faɗuwa a saukowa ake yinta, an gaji kuma ana sauri, don haka a gajarta taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani saboda duwatsun da ke gangarowa.

Idan aka yi walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, aradu na iya kai wa inda kuke: a bar ƙololuwa, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo, a warwatsu da tazarar taku ashirin tsakanin mutum da mutum, a gangara. Cikin mota a rufe ya fi ko'ina. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba ake ci gaba.

Kada ka cusa hannu a tsagar dutse ko ka tsallaka gungume ba ka ga bayansa ba. Akwai kasa, akwai kububuwa, akwai gamsheƙa, ga ƙudan zuma da ke kafa saƙa a ramukan dutse. In maciji ya sari mutum, a cire masa zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji. Ba a ɗaure jijiya da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, tsaga wurin ƙara zubar jini ne kawai, kuma mutum na iya yini yana cewa lafiyarsa lau kafin dasashinsa ya fara jini.

Wankan rafi

Tafkunan da za ka gani birjik a kewayen Jos, Bukur da Barikin Ladi yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, aikin da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20. Kyau gare su, ruwa kwance kamar madubi. Ba su da gaɓa mai sauka a hankali irin ta kududdufi: taku biyu ƙasa ta ƙare, ƙarƙashi laka ce da sanyi, bangon kuma ba ya kamuwa. Ba a iyo a cikinsu, ko an iya.

A rafi, sai inda mutanen wurin da kansu ke wanka, kuma sai an tambaye su ko an yi ruwa a sama daren jiya. Wannan ita ce tambayar da ɗan Katsina ba ya tunanin yi, domin ya ɗaga kai ya ga rana. Ruwan da aka yi a bayan dutse, kilomita goma daga inda kake, zai iya iso maka cikin kwazazzabo ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ka ba. Alamominsa: ruwa ya fara juyawa ja-ja, ganyaye da karare suna wucewa, wani ruri yana tasowa daga sama. A kafa sanda a bakin ruwa a sa mutum ɗaya ya zauna a tudu, aikinsa kallon sandar da ƙirga kawuna, ba danna waya ba. Ruwa ya hau sandar da faɗin yatsu biyu, a busa usur kowa ya fito, a hau gefe, kada a bi kwarin da gudu.

Kafin kowa ya shiga, a auna zurfin da doguwar gora, a duba mita hamsin na ƙasan wurin: ina ruwan zai kai wanda ya kwasa? In akwai bishiyar da ta faɗi a cikin ruwa ko wata gangara, a canza wuri, domin ruwa yana ratsa rassan ya bar mutum a maƙale. Ba a yin alkafura ko tsunduma da ka. Ba a zuwa gindin matsirga inda ruwa ke fari: kumfa ba ta ɗaukar jiki, ruwan kuma juyawa yake yana mayar da mutum ƙarƙashi. Saman matsirga ya fi muni, can masu ɗaukar hoto ke zamewa. A shiga da gajeren wando da takalmin roba mai maɗauri. Mai dogayen tufafi da yara su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kowane yaro hannun babba na iya kai masa.

Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba, santimita 15, yana iya kayar da babba. In ya kwashe ka, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, ƙafa tana shiga tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna tokare duwatsu, kana tuƙawa da hannu a karkace zuwa gaɓa. Na tudu kuma kada ya faɗa, wanda ke nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi. A miƙa masa gora, ko a jefa masa jarka mai lita 20 wadda babu komai a ciki an ɗaure murfinta, da igiya mita 15 a hannunta. Kada kowa ya ɗaura igiyar a ƙugunsa. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2. Danna ciki don a fitar da ruwa ɓata lokaci ne, amai kawai yake jawowa. Ko ya farfaɗo yana magana, asibiti za a kai shi a ranar. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta agajin gaggawa ta ƙasa 112, amma a cikin kwari sau da yawa babu sabis, don haka tun da aka iso a lura da tudun da waya ta kama a kai na ƙarshe, a kuma ajiye mota fuskarta na kallon hanyar fita.

Saura abin da ba a gani da ido. Gefen rafi inda ruwa ya lafa cikin ciyayi nan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke, ƙwayar kuma ta fata take shiga. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke cizo da rana a bakin ruwa mai gudu su ke yaɗa cutar da ke makantar da mazauna bakin koguna, saboda haka da an fito a goge jiki a mayar da doguwar riga. Ruwan rafi ba a shansa sai an tafasa. Bayan an dawo gida, wanda ya yi zazzaɓi ya je a gwada jininsa ya kuma faɗa wa likita ya shiga rafi. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa bayan wata ɗaya zuwa uku ya kai fitsarin a auna. Maganin tsargiya, praziquantel, da nauyin jiki ake ba da shi, don haka sai an ɗora mutum a sikeli kafin a ƙirga masa ƙwayoyin.